Ƙofar da farar toka ke bi ta shiga ganyen alkama

Ƴan uwa manoma, masu garka na Cirozerin, da na Telwa, da Dabaga, da Tabelot, da Timiya, da Ifarwan, da ku mazauna Arlit da Akokan masu ɗan fangali.  

Ɗari ya kama, alkama ta fito. Yau za mu yi magana bisa wata cuta ta ganye, da yadda masana suka gano ƙofar da take bi ta shiga. Labarin ya faro daga gonakin Habasha. Ya bi ta ƙasashen Turai. Amma ƙarshensa yana cikin tulun da kuke ajiyar iri. Kai da ka yi karatun manya, in ka gama karantawa, ka karanta wa maƙwabcinka wanda bai yi ba.

MECE CE FARAR TOKA?

Mai garka ya san ta. Wata rana za ka ga ganyen kabewa, ko na kankana, ko na kuɓewa ya yi fari-fari. Ka ce an barbaɗa masa toka ko garin alkama. In ka shafa da yatsa, farin ya fita. Bayan ƴan kwanaki ya komo. Daga nan ganyen ya yi rawaya, ya bushe tun lokacinsa bai yi ba.

Da faransanci ana ce wa wannan cuta oyidiyom. Cikin wannan takarda za mu kira ta farar toka. Ba ƙura ba ce. Wata irin fumfuna ce mai rai, dangin wadda ke fitowa bisa tuwon da ya kwana biyu. Farin da kuke gani ƴaƴanta ne. Ƙanana ne ƙwarai. In an jera kamar 30, sai su kai milimeta guda. Iska ce ke ɗaukar su daga ganye zuwa ganye, daga garka zuwa garka.

Alkama da sha'ir su ma suna da tasu farar toka. Ku lura da wannan: kowace shuka da irin tata. Ta kabewa ba ta kama alkama. Ta alkama ma ba ta kama sha'ir. Amma dabararsu ta shiga ganye iri ɗaya ce.

Farar tokar alkama tana son sanyi-sanyi, wajen digiri 15 zuwa 22. Tana son inuwa da laima, da shukar da ta cushe iska ba ta ratsa ta. Tana son ganye mai taushi wanda ya sha takin zamani da yawa. Ba ta bukatar ruwan sama kafin ta tsiro. Zafi mai tsanani ne ke tsai da ita. Alkamar da ta kamu tun tana ƙarama ba ta yin ƴaƴa da yawa. Zangarniya ta ƙanƙance, ƙwaya ta shanye, mudu ya yi sauƙi.

YADDA TAKE SHIGA

In aka duba ganye da madubin masana mai ƙara girman abu, za a ga ɗaki-ɗaki ne, kamar saƙar zuma. Kowane ɗaki yana da bango mai tauri daga waje. Daga cikin bangon akwai wata fata siririya da ta kewaye ɗakin, kamar fatar da ke cikin ɓawon ƙwai. Abin da zai shiga ɗakin, da abin da zai fita, duk ta wannan fata yake bi.

Ɗan cuta ya faɗo bisa ganye. Ya fid da tsiro, ya manne. Kafin rabin yini da ɗan abu ya fara huda bangon da wani tsinke nasa. Ganyen ba ya zama haka nan. Yana jin ana huda shi. Sai ya yi maza ya tara yaɓe daga ciki, daidai inda tsinken ke tahowa, kamar mai toshe ɓarakar fangali kafin ruwa ya gudu.

Nan ne ake tsere. In yaɓen ya yi kauri da wuri, tsinke ya tsaya, ɗan cuta ya mutu da yunwa bisa ganye. In tsinke ya riga shi, cuta ta shiga ɗaki. Sai ta kafa wani abu mai yatsu wanda take tsotsar abincin ganye da shi. Ba ta kashe ɗakin, don da ransa take ci. Cikin mako guda ta haifi sababbin ƴaƴa dubbai. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. To, abin da masana suka so su sani ke nan: me ke sa bangon wani iri ya tsage, na wani ya ƙi?

SHA'IRIN HABASHA

A shekarun 1937 da 1938, waɗansu masana na Jamus sun je Habasha. Sun bi ƙauyuka na kan tsaunuka suna karɓar irin sha'ir daga hannun manoma. Iri ne na gargajiya, wanda ɗa ya gada daga uba. Aka kai shi Jamus aka ajiye. Daga baya, da aka shuka shi aka gwada, sai aka ga abin mamaki. Cikinsa akwai wanda farar toka ba ta kamawa. Kowace irin farar tokar sha'ir aka zuba masa, ba ta shiga.

A 1942 kuma, waɗansu masana biyu na Jamus, Freisleben da Lein, sun haska irin sha'ir da hasken nan da likita ke ɗaukar hoton ƙashi da shi. Cikin abin da ya tsiro, suka sami wanda shi ma cutar ba ta kama shi. Da aka bincika, sai aka tarar abu ɗaya ne ya sāke cikin na Habasha da na Jamus. Ƙwayar gado guda ce. Ƙwayar gado ita ce abin da ke cikin iri wanda ke sa ɗa ya ɗauko halin uwa, kamar yadda jan masara ke haifar jan masara. Aka sa wa wannan ƙwayar gado suna Mlo.

Masu gyaran iri suka yi ta auratayya tsakanin sha'irin Habasha da nasu. A 1979 aka fid da wani iri mai suna Atem a ƙasar Holan. Daga nan abin ya bazu. Har ya kai fiye da rabin sha'irin bazara da ake shukawa a tsakiyar Turai yana ɗauke da wannan hali. An yi shekara fiye da 40 ana noma shi bisa gonaki masu yawa, cutar ba ta karya shi ba.

Ga abin da ya fi ba da mamaki. Sha'irin da cuta ba ta kamawa, ba wani abu ya fi sauran da shi ba. Rashi gare shi. Ƙwayar gadon Mlo ce ba ta aiki cikinsa. Wanda tasa ke aiki lafiya lau, shi ne cuta ke ci.

INA ABIN YAKE ZAUNE?

A 1997, ƙungiyar wani masani mai suna Paul Schulze-Lefert, wadda ta yi aiki a Jamus da Ingila, ta ware wannan ƙwayar gado, ta karanta ta. Ƙwayar gado kamar takardar umurni ce. Abin da take umurta a ƙera shi ake kira furotin. Furotin su ne ma'aikatan jiki, na mutum da na dabba da na shuka. Wani magini ne, wani ɗan dako, wani mai tsaron ƙofa. Cikin ɗakin ganye guda akwai su iri dubbai.

In kana so ka san sana'ar mutum, duba inda yake wuni. Wanda ke wuni bakin rijiya da raƙumi da takarkart, mai ban ruwa ne. Wanda ke wuni bakin zuga, maƙeri ne. Haka furotin. In an san inda yake zaune cikin ɗakin ganye, an kama hanyar sanin aikinsa.

Amma furotin ya fi ƙarfin ido. Madubin masana ma ba ya rarrabe shi da ƴan uwansa. Duka kamarsu ɗaya, ba su da launi. Yaya za a fid da guda cikin dubbai? Nan ne aka nemi taimakon jinin dabba.

SOJOJIN JINI

Kun san allurar rigakafi da ake yi wa yara, da wadda ake yi wa shanu da awaki. Ana sa wa jiki ɗan abin cuta wanda ba ya da ƙarfi. Jiki ya gan shi, ya gane baƙo ne. Sai jini ya ƙera waɗansu ƙananan sojoji daidai da siffar baƙon. Da faransanci sunansu antikor. Ran da cutar gaske ta zo, su kama ta.

Halin antikor shi ne ba ya kama kowa. Wanda aka ƙera domin ƙyanda, ƙyanda yake kamawa. Kamar makulli ne da kwaɗonsa. Kamar mai raƙumi ne cikin kasuwar Agadas: raƙuma ɗari na tsaye, amma shi nasa zai nufa, don ya san shaidarsa.

An daɗe da sanin wannan. A 1890, a birnin Balin na Jamus, Behring da Kitasato suka nuna ruwan jinin dabbar da ta sha rigakafi yana kāre wata dabba. Maganin sarar maciji ma haka ake yinsa har yau, daga jinin doki. A 1941, wani likitan Amurka, Albert Coons, ya liƙa wa antikor wani rini mai ƙyalli. Duk inda antikor ya kama abinsa, sai wurin ya yi haske cikin madubi. A 1975 kuma, a Kambirij ta Ingila, Köhler da Milstein suka gano hanyar samun antikor iri guda tak, mai yawa, ba gauraye.

Ku ma kun ga aikin antikor da idonku. In yaro ya yi masassara, aka kai shi likita, ana ɗiga jinin yatsansa bisa wani ɗan farin abu. Bayan minti 15 ko 20 sai zane ya fito. Zane guda, ba a ga cutar sauro ba. Zane biyu, akwai ta. Cikin ɗan abin nan antikor ne aka jera. Suna jiran furotin guda na ƙwayar cutar sauro. In ya zo su kama shi, launi ya bayyana.

YADDA AKA YI DA GANYE

Ga yadda masana ke yin irin wannan aiki, daki-daki.

Da fari, su ƙera ɗan guntun furotin ɗin da suke nema.

Na biyu, su yi wa zomo allurarsa, su sāke bayan ƴan makonni. Jinin zomo ya ga baƙo, ya ƙera antikor.

Na uku, su ɗebi jini kaɗan, su tace, su ware antikor ɗin.

Na huɗu, su sa masa shaida: ko rini mai ƙyalli, ko ƙurar zinariya, ko abin da ke baƙanta takarda.

Na biyar, su kawo ganye. Nan hanya biyu ce. Ko a yanka ganyen siriri ƙwarai, a zuba masa antikor, a wanke, a duba inda shaida ta maƙale. Ko kuma a niƙa ganyen, a rarraba shi kashi-kashi cikin wani inji mai juyawa da sauri, kamar yadda mace ke sheƙa ta raba tsaba da ƙaiƙayi da dusa. Fatar ɗaki gefe guda, kayan cikin ɗaki gefe guda. Sa'an nan a gwada kowane kashi da antikor.

Akwai sharaɗi. Dole a gwada da ganyen da aka san ba ya da furotin ɗin. In antikor ya kama wani abu can ma, to, ya yi kamun kuskure, aikin ya ɓaci. Mai awo na kirki yakan gwada sikelinsa tukuna.

ABIN DA AKA GANI

A 1999, a birnin Norwic na Ingila, Alessandra Devoto da abokan aikinta suka ba da sakamako. Furotin na Mlo yana zaune cikin fatar nan da ta kewaye ɗakin ganye. Wato bakin ƙofa, daidai inda tsinken cuta ke isowa in ya huda bango. Sun kuma nuna yadda yake zaune. Ya ratsa fatar sau 7, shiga da fita, kamar zaren baduku cikin fatar jaka. Kansa na waje, wutsiyarsa na cikin ɗaki.

A 2004 aka duba sha'irin Habasha. Aka tarar ƙwayar gadon tana nan, amma wani abu ya tare gabanta, ya hana a karanta ta daidai. Furotin ɗin kusan babu shi cikin ganyen. Binciken ya nuna kuma wannan hali ya samu ne bayan mutane sun fara noman sha'ir. Wato cikin gona ya fito, kuma manoma ne suka riƙe shi, shekara bisa shekara.

A 2005, da wata irin shaida mai ƙyalli, aka ga furotin na Mlo yana taruwa daidai ƙarƙashin inda cuta ke huda. A 2014 kuma, masana na Adelaid ta Ostareliya suka duba yaɓen nan da antikor. Suka ga yaɓen da ya tsai da cuta ya fi wanda aka huda yawan kayan gini.

To, ga ma'anar duka. Furotin na Mlo yana sassauta tsaron ganye. Yana da amfaninsa, don shukar da ta cika tsaro tana wahal da kanta. Amma farar toka ta koyi cin moriyarsa. In yana nan, ta sami hanya. In ba ya nan, ganye ya yi yaɓe da sauri, tsinke ya tsaya waje.

Kowane abu da kuɗinsa. Sha'irin da ba ya da Mlo yakan yi ɗigo-ɗigo na ƙuna bisa ganye ko ba cuta, ganyen ya tsufa da wuri. Na farko-farko ba su kai sauran yawan amfani ba, sai da masu gyaran iri suka yi shekaru suna zaɓe. Akwai ma waɗansu cututtukan ganye da suka fi kama shi. Babu irin da ya gagari cuta duka.

MAI GADI IRI BIYU

Sha'ir yana da wata hanyar tsaro dabam. Akwai furotin da ake kira Mla. Shi an same shi cikin ɗaki, har cikin cibiyar ɗakin inda ƙwayoyin gado suke, kamar yadda masana na Kolon ta Jamus suka nuna a 2007. Shi mai gadi ne wanda ya san fuskar ɓarawo guda. In ɓarawon ya shigo, sai ya sa ɗakin ya mutu tare da shi, cuta ta rasa abinci.

Wannan tsaro yana da ƙarfi, amma ba ya daɗewa. Cikin ƴaƴan cuta miliyoyi, ba a rasa wanda ya sāke fuska. Mai gadi bai san shi ba, ya wuce. Cikin ƴan shekaru zuriyarsa ta cika gonaki. Haka iri da yawa suka yi suna a Turai, sa'an nan suka faɗi. Na Habasha kuwa ba fuska yake dubawa ba. Ƙofar ce ya toshe. Shi ya sa ya daɗe.

Wannan ya amsa wata tambaya da manoma ke yi: me ya sa sabon iri ke yin kyau shekara uku ko huɗu, daga baya cuta ta kama shi? Sau da yawa ba irin ne ya lalace ba. Cutar ce ta sāke fuska.

ALKAMA FA?

Alkama ta fi sha'ir wuya. Alkamar gurasa tana ɗauke da ƙwayar gadon Mlo har kashi 3. In guda ta daina aiki, biyu na nan. Ƙofa uku ke nan, sai an toshe su duka. A 2014, masana na Bejin ta ƙasar Sin, ƙarƙashin Gao Caixia da Qiu Jinlong, suka toshe ukun gaba ɗaya da sabuwar dabarar gyaran ƙwayar gado. Alkamar ta gagari farar toka, amma ta rage girma. A 2022 suka sami wadda ta gagari cutar kuma girmanta bai ragu ba. A 2024 hukumar ƙasar Sin ta ba irin wannan alkama takardar amincewa.

Kayan garka ma abin ya shafe su. An sami wani ƙaramin tumatir na ƙasar Ekwado wanda farar tokarsa ba ta kamawa. Da aka bincika, nasa Mlo ne ba ya aiki. Haka aka samu ga wani irin waken turawa.

KUTURTAR HATSI

Mu mutanen Abzin, alkama muke nomawa, amma hatsi muke ci. Daga Damargu da ƙasar Maraɗi yake zo mana. Da yawa cikin ma'aikatan gawayi na Sonishar da na ma'adinin Arlit suna da gona can kudu. Saboda haka cutar hatsi ta shafi tukunyar kowa.

Babbar cutar ganyen hatsi ita ce kuturta. Ba dangin farar toka ba ce, ko da yake ita ma tana sa fari ƙarƙashin ganye da sassafe. Ita ruwa take so, da damana take aiki. Ƴaƴanta na kwana cikin ƙasa shekara da shekaru. Tana shiga hatsi tun yana tsiro. Ganye ya yi fari-rawaya daga gindi. In ya fid da kai, maimakon tsaba sai ka ga ƙananan ganyaye sun cika zangarniya.

A Indiya, wajen 1971, kuturta ta faɗa wa wani sabon irin hatsi mai suna HB 3. An shuka shi ko'ina, duka jininsu ɗaya. Da cuta ta gane shi, gonaki da yawa suka tafi tare.

Nan ma an yi aiki da antikor. A jami'ar Maisur ta Indiya, ƙungiyar Shekar Shetty ta gwada hatsi mai jurewa da marar jurewa. A 2004 suka nuna mai jurewa yana tara wani furotin mai ƙarfafa bango, da sauri kuma da yawa, in cuta ta taɓa shi. Marar jurewa yana yi, amma kaɗan, kuma a makare. Ka ji, maganar bango ce dai. A nan Nijar, masana na INRAN, da na tashar ICRISAT ta Sadore kusa da Yamai, suna gwada irin hatsi gaban kuturta, su zaɓi mai jurewa. A Sadore akwai ma rumbun ajiyar iri na gargajiya.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Ƴan uwa, ku dubi labarin nan da kyau. Masana sun yi aiki da zomo, da madubi, da inji. Sun gano inda ƙofa take. Amma sha'irin da ya toshe ƙofar, cikin gonar talaka aka same shi, bisa tsauni, wurin mutanen da ba su taɓa jin sunan Mlo ba. Abin da suka yi kawai, sun ajiye irin iyayensu. Da sun yar da shi kafin 1937, da Atem bai samu ba.

Mu ma mutanen tsauni ne. Garkunan Abzin sun daɗe da alkama. Da ita ake tagella cikin toka, da ita ake gurasa. Irin da ke hannun tsofaffinmu ya saba da ruwan rijiyarmu, da ɗarinmu, da ƙasarmu. Yau albasa da dankalin turawa da tafarnuwa sun ci fangali da yawa, don su ke kawo kuɗi. Ba laifi ba ne mutum ya nemi kuɗi. Amma irin alkama ba ya jira har abada cikin tulu. In ya yi shekaru ba a shuka shi ba, ƙarfin tsirarsa ya ragu, har ya mutu. Irin da ya ɓace kuwa, ba kasuwar da ake sayo shi. Ido ba ya ganin abin da ke cikin ƙwaya. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

GA ABIN DA ZA KU YI

1. Ko albasa ta ci garka duka, ku bar wa alkamar gida fangali biyu ko uku kowace shekara. Wanda ke da tsohon irin sha'ir ko na masara, shi ma haka.

2. Ku riƙa zagaya alkama sau biyu cikin mako. Ku duba ganyen ƙasa, can cikin duhu, nan farar toka ke farawa.

3. In cuta ta kama fangali, ku duba ko akwai gindin da ya tsaya kore alhali na kewaye da shi sun yi fari. Ku ɗaura masa tsumma. Ran yanka ku ware zangarniyarsa dabam. Baɗi ku shuka ta gefe guda, ku gani ko halin ya komo. Ku gaya wa malamin gona.

4. Kada ku cusa iri. Shukar da iska ke ratsawa ta fi lafiya. Kada ku shuka alkama ƙarƙashin inuwar dabino ko bango in da wani wuri.

5. Takin ure ya zama daidai awo. In ya yi yawa, ganye ya yi taushi, cuta ta ji daɗi. Takin dabba ruɓaɓɓe ya fi kwanciyar hankali.

6. Bisa kabewa da kankana da kuɓewa, ku cire ganyen da ya fara kamuwa, ku binne shi nesa. Garin farar wuta yana maganin farar toka in an sa da wuri. A sa shi da marece. Cikin zafin rana yana ƙona ganye. Ku tambayi malamin gona awonsa, kuma ku kau da shi daga yara.

7. Kada ku shuka iri guda tak cikin garka duka, ko cikin gari duka. Ku tuna da HB 3. In an kawo sabon iri, ku gwada shi gefen na gida, kada ya kore shi.

8. Masu gonar hatsi a kudu: ku aika a tuge gindin da ya kuturce cikin watan farko, a ƙone shi. A wanke iri da maganin shuka kafin a binne. A nemi iri mai jurewa wurin ma'aikatan gona.

9. Irin da za a ajiye ya bushe sarai. A zuba cikin tulu ko gwangwani mai murfi, a toshe, a sa wuri mai sanyi. Kai da ka iya rubutu, ka rubuta sunan irin, da sunan garin, da shekara, ka sa takardar ciki. Amfanin karatu ke nan.

10. In kun taru wurin koperatif ko wurin sauraron radiyo, ku tambayi tsofaffi sunayen irin alkamar da suka sani, da wanda ke da shi har yanzu. Ku rubuta. Ku yi musanya tsakaninku, don in na wani ya ɓace a samu wurin wani.

Wanda ya ga farar toka bisa alkamarsa, ko ya ga gindin da ya gagare ta, ya rubuto mana. Ya faɗi sunan garinsu, da sunan irin, da watan da ya gani. Za mu karanta wasiƙarsa cikin shirin manoma, sauran ƴan uwa su ƙaru.

Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba rijiya ruwa, ya tsare mana shuka, ya sa mu yanka lafiya. Sai fitowa ta gaba.